Cikewa da Haɗawa: Damun Gam da Garin Katako a Wajen Kafintocin Funtuwa da Malumfashi

A rumfunan kafintoci na Funtuwa da Malumfashi da Bakori akwai wani ɗan aiki da a ke yi kullum, musamman tsakanin watan Nuwamba da Fabrairu, wanda ba a cika kula da shi ba. Yaron shago ya kan tsiyayi farin gam a murfin gwangwani, ya ɗebo garin katako, ya dama su da tsinke har su yi kauri, sa'an nan ya cusa damun a inda katako biyu suka ƙi kama juna, ya shafe da yatsa. In ya bushe aka goge aka yi fenti, ba mai gane an taɓa samun kafa a wurin. Dabara ce mai araha, tana kuwa da inda ta ke da amfani ƙwarai. Amma tana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar nan shi ya kan sa bencin makaranta ya ɓalle da yara a kai, ko gadon amarya ya soma ƙara tun bai shekara ba. Abin lura shi ne, harshen Hausa ya riga ya shata iyakar da kansa, gama ya bambanta cikewa da haɗawa.

Kafin zuwan Turawa aikin itace a ƙasar Hausa yana hannun masassaƙa ne. Masassaƙi ya kan sari gungume guda, na ƙirya ko maɗaci ko kaɗanya, ya rarake shi da gatari da gizago har ya fitar da turmi ko akushi ko kujerar mata. Allon almajiri ma falle guda ne, galibi na aduwa. Abin da ya fito daga gungume guda ba shi da mahaɗi, saboda haka masassaƙi ba ya bukatar abin manni. Inda kuwa ya zama tilas a gama abu biyu, ɗauri da ɗinki da tsuke su ne Bahaushe ya sani: maƙeri ya ƙona ƙota ya soka ruwan fartanya, magini ya jera azara ya danne da ƙasa, gyartai ya ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Ƙaro kam akwai shi, na ɗakwara da na 'yan'uwanta itatuwan ƙaya, amma aikinsa yana wajen tawada da makamantanta, ba riƙe itace ba, domin in ya bushe gautsi gare shi, in ya sha laima kuma sai ya narke.

Kafinta baƙo ne, shi da sunansa. Kalmar ta fito daga carpenter ta Ingilishi, siffarta kuma ta nuna daga bakin wa aka ji ta: Turawan Ingila ba su furta r a wannan gurbi, shi ya sa babu ita a Hausa, p kuwa ta koma f kamar yadda ta koma a falanki da fenti da samfefa. Ta zauna sosai har ta yi jam'i irin na gida, kafintoci. Labarin kalmar gam ya fi wannan daɗi. Asalinta gum, wadda ma'anarta ta farko a Ingilishi ita ce ƙaro, kuma ruwan manna takarda da a ke ajiyewa cikin kwalba a ofisoshi da makarantu a zamanin En'e da ƙaro a ke yinsa, irin wanda a ke saye a Barno da Sudan a kai Turai. Watau kayan gida ne ya komo da sunan baƙo. Daga nan ma'anar ta yi ta faɗi, har ta rufe farin gam na kafinta, da mai wari na masu takalma, da na faci, da ɗan mitsitsin nan mai kama yatsa nan take. Wannan faɗin ma'ana yana da illa ga mai koyo, don suna ɗaya ya lulluɓe abubuwa huɗu ko biyar waɗanda halinsu ya sha bamban.

Auduga da jirgin ƙasa su suka kafa sana'ar a kudancin Katsina. Layin dogo na Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka gama a 1929, ya ratsa ta Funtuwa, kamfanin auduga na BCGA kuma ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Kuɗi suka shiga hannun manoma, aka soma neman ƙofa da taga da akwati, makarantu da kotuna suka nemi tebur da benci. Shirin raya aikin gona na Funtuwa, da aka buɗe a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya kawo hanyoyi da taki da noman masara, aikin kafinta ya bi su har ƙauyuka. Sai dai itacen da kafinta ya ke aiki da shi, mafi yawansa ba na ƙasar ba ne. Daga kurmin kudu a ke kawo shi, afara da obece da iroko da malaina, waɗanda 'yan katako su kan kasa gida biyu, farin katako da jan katako. A nan tushen matsalar ya ke.

Itace, ko an yanke shi an tsaga an fere, bai daina shan laima daga iska da fitar da ita ba. A tsakiyar damina, sa'ad da laimar iska ta kan kai kashi 80 cikin 100, katakon da ya zauna a ɗaki ya kan riƙe ruwa wajen kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. A tsakiyar hunturu laimar ta kan faɗi ƙasa da kashi 20, ruwan jikin katako ya komo kashi 4 ko 5. Ruwan nan da ya fita ba ya fita banza, sai ya tafi da wani abu na jikin katakon. Ta wajen tsawo ragin ba a bakin kome ya ke ba, amma ta wajen faɗi, falanki mai santimita 30 ya kan rage kusan rabin santimita tsakanin Agusta da Fabrairu, waɗansu irin ma su fi haka. Wannan ga busasshen katako ke nan. Wanda aka sauke daga mota da ɗanyensa kuwa, raginsa ya zarce nan nesa. To, ga shi kuma kaka ita ce lokacin ciniki. Manomi ya kai masara da dawa da waken soya kasuwar Dandume ko ta Funtuwa, ya sami kuɗi, ga bikin 'yarsa ya matso, yana son gado da kabad da kujeru cikin mako biyu. Kafinta ba shi da jarin da zai sayi katako ya jibge wata uku yana jira ya bushe. Sai ya yanka ya buga a daidai lokacin da iskar hunturu ta fara tsotse itace, kafin a kai kayan ɗakin amarya mahaɗai sun buɗe baki. Ba kullum ne rashin gwaninta ya ke kawo rata ba, sau da yawa laifin wata ne.

Hausa tana da sunaye da dama ga wurin da ya buɗe, kuma ba ɗaya su ke ba. Kafa ita ce 'yar ƙofar da haske ko iska ke ratsawa (masu rubutu su yi hankali da ƙugiya, gama kafar tebur daban, ƙafar tebur daban). Ɓula ramin da ƙwaro ko ƙusa ta bari. Giɓi shi ne inda wani yanki ya ɓalle daga baki. Tsaga tana bin tsawon itace. Rata kuwa fili ne tsakanin abu biyu waɗanda ya kamata su taɓa juna. Huɗun farko a jikin katako ɗaya su ke, ta biyar ce kaɗai ta ke tsakanin katako biyu.

Aikatau ma sun rabu bisa wannan layi. A tsarin azuzuwa bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960, cike da toshe da liƙe suna aji na 4, mai ƙarewa da -e, wanda ya kan nuna an yi aikin ƙurmus ba saura. Amma a dubi karɓau ɗinsu. Abin da a ke cikewa ko toshewa ko liƙewa shi ne ramin kansa: an cike giɓi, an toshe ɓula, an liƙe kafa. Ba su ce kome game da ƙarfi ba, iyakar abin da suka tabbatar shi ne ido ba ya ganin buɗi. Haɗa kuwa ba ta karɓar rami, sai abu biyu: an haɗa ƙafa da gindin tebur. In aikin ya yi, sai a koma aji na 7, mai ƙarewa da -u da karin sauti ƙasa-sama, a ce sun haɗu, ko gam ya kamu. Bahaushe ba ya cewa rata ta haɗu. Duk ɗalibin da ya riƙe wannan ɗan bambanci na nahawu ya riƙe rabin darasin, gama damun gam da gari na gidan cike ne, ba na gidan haɗa ba.

Dalilin haka yana cikin halin farin gam. Sinadarinsa wani irin danƙo ne na roba wanda Fritz Klatte ya gano a Jamus a 1912, ya kuma bazu a hannun kafintocin duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A kasuwannin Nijeriya an fi saninsa da sunan Top Bond, ko da ya ke kamfanoni da yawa suna yinsa, halin kuwa ɗaya ne. Abin da ke cikin gwangwani ƙananan ƙwayoyin danƙo ne suna yawo a ruwa, kuma kusan rabinsa ruwa ne. Ba ya kamawa sai ruwan ya fita, wani ya shige katako, wani ya bi iska, sa'an nan ƙwayoyin su matso su narke cikin juna. In fuskokin biyu an fere su sumul an matse, abin da ya rage tsakaninsu bai fi kaurin takarda ba, kuma irin wannan mahaɗi ya kan fi itacen kansa ƙarfi. In kuwa akwai rata, sai bayan gam ya yi fata cikinsa na nan ɗanye, daga baya ya tsotse ya lotsa, ya bar kogo. Ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita a Ingila ta raba gam gida biyu: na matsattsen mahaɗi, wanda kaurinsa bai wuce milimita 0.15 ba, da mai jure rata, shi ma iyakarsa milimita 1.3. Farin gam na gidan farko ne. Ban da haka zafi ya kan sa shi laushi, abin da ba wasa ba ne a ƙarƙashin rufin kwano da bazara, kuma in nauyi ya daɗe bisansa ya kan saki a hankali kamar danƙo.

Da kafinta ya zo ƙara masa kauri, kalmomin madafa ya ara. Damawa a ke yi, kamar kunu. In ruwa ya yi yawa a ce ya tsinke, in gari ya yi yawa a ce ya yi tauri. Abin da zarto ya ke zubarwa mai tsakitsaki a kan kira shi dusar katako, wanda ya fito daga samfefa mai laushi kuma garin katako, daidai yadda mace ta ke raba dusa da gari in ta yi tankaɗe. Garin yana yin abu uku masu kyau. Yana hana gam zurarewa, yana rage lotsawa domin shi ba ya ƙanƙancewa kamar ruwa, yana kuma kawo launi kusa da na katakon. Amma kowane ƙwayar gari shi ma itace ne mai ƙishi. Ya kan sha ruwan gam, ya kwashe danƙon ya lulluɓe kansa, har abin da zai isa fuskar katakon da a ke so a kama ya zama kaɗan. Gwargwadon kaurin damu, gwargwadon raunin riƙonsa. Mafi muni shi ne abin da waɗansu su kan yi don tsimi, su sirka gam da ruwa don ya yi auki, kana su komo su cika shi da dusa don ya yi jiki. Wannan ba gam ba ne kuma, dusa ce jiƙaƙƙiya. Masu zuba garin rogo ko fulawa su ma sun yi wa ƙwari shimfiɗa ne, ko da ya ke a masana'antun katako mai falle-falle a kan sa gari irin wannan cikin wani gam daban, da awo.

Maginan Hausa sun riga kafinta sanin wannan dabara. Laso, wanda a ke shafe rufin soro da cikin karofi da shi, haɗin abu uku ne: katsi daga marina, da gashin jima, da ruwan dafara mai yauƙi. Dafara ce mai riƙo, katsi ne jiki, gashi kuma ya hana tsagewa. Amma ba maginin da ya taɓa ɗora azara bisa laso. Ginin ƙasa ne ke ɗauke da nauyi, laso rufi ne kurum.

Inda damun ya dace, watau kafa da ɓula da kan ƙusa da ƙaramin giɓi da tsagar da ta daina ci gaba, akwai yadda a ke yinsa ya daɗe. Garin ya zama na katakon da a ke aiki da shi, a tara shi bisa takarda lokacin guga, kada a sharo na ƙasa, don yashin da ke cikinsa ya kan ci bakin kayan aiki. A tankaɗe shi. A kaɗe ƙurar ramin, a fara shafa masa tsurar gam ya sha, sa'an nan a dama sauran har ya yi kamar tunkuza, ya tsaya bisa tsinke ba ya ɗiga amma da sauran damshi a fuskarsa. Rami mai zurfi ba a cika shi gaba ɗaya, sai kaɗan kaɗan, kowane ya bushe kafin a ƙara. A bar na ƙarshe ya ɗan yi tudu, a ba shi kwana guda, kana a goge. Mai aiki ya sani wurin zai fi sauran katakon duhu, kuma ba ya shan launi, saboda haka a ƙarƙashin fenti ya fi ɓuya bisa ga ƙarƙashin man ƙyalli.

Rata a mahaɗin da ke ɗauke da nauyi kuwa, maganinta itace ne. Misali mahaɗin da a ke fere kan katako ya zama harshe a soka shi cikin rami, kamar na ƙafar benci ko firam ɗin ƙofa. In harshen ya yi wa ramin kaɗan, sai a yanko siririn falle a manna masa a kumatu da tsurar gam, a matse, in ya bushe a sake ferewa har ya shiga da ɗan bugu. In harshen ya ratsa ya fito ta baya, a tsaga kansa kaɗan a buga masa ɗan katako mai bakin gatari, ya buɗe ya cika ramin. Ko kuma a huda a ratsa da ƙusar itace. Duk waɗannan suna mayar da rata guda mai faɗi ta zama matsattsun mahaɗai biyu, inda farin gam ya ke da ƙarfinsa. Aikin bai fi na minti ashirin ba, abin da ya ke ci shi ne jiran bushewa. Wuri ɗaya da ko wannan ba ya yi shi ne inda aka kafa kan katako bisa cikin wani aka buga ƙusa, irin haɗin kayan araha. Itace kamar damin kara ya ke, kansa duk bakunan bututu ne masu shanye gam su bar wurin a bushe. A nan ƙusa ce kaɗai ke riƙo, sai a ƙara mata ɗan katako a kusurwa ta ciki.

Akwai gam da aka yi musamman don rata. A 1937 Norman de Bruyne ya fito da Aerolite a Ingila, wanda aka yi aiki da shi wajen haɗa jiragen sama na katako a lokacin yaƙi. A 1946 kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da Araldite, mai bututu biyu da a ke gamawa. Shi wannan ba ruwa a cikinsa. Sinadarai biyu ne su ke cin juna su sandare, saboda haka kusan ba ya raguwa, kuma ana iya dama shi da garin katako ya riƙe rata mai faɗi da ƙarfinsa. Maƙeran jiragen ruwa na katako a Turai da Amurka da irinsa su ke wannan aiki. Amma tsada gare shi, a 'yan ƙananan bututu a ke sayar da shi, kuma zafi ya kan sa ya sandare da wuri tun mai aiki bai gama shafawa ba. Ya dace da gyaran kujera guda mai daraja, ba da kwangilar benci ɗari ba. Ɗan gam mai kama yatsa, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1958, in an ɗiga shi bisa gari a cikin 'yar tsaga ya kan daskare nan da nan kamar dutse, sai dai gautsi gare shi, hayaƙinsa kuma yana yaji a ido.

Akwai kuma ratar da ba a so a cike ta da kome. Ƙofa mai firam da allo a tsakiya, da gangan a ke barin allon yana wasa cikin kwarminsa, don ya kumbura da damina ya tsuke da rani ba tare da ya ɓata kome ba. Mai gida ya kan ga haske ta gefen allon a watan Fabrairu ya kira kafinta, kafinta ya cike da damu don ya faranta masa. Agusta na zuwa allon ya nemi wurinsa ya rasa, sai ya tura firam ya ɓalle mahaɗan kusurwa, ko ya gantsare ƙofar ta ƙi rufuwa. Haka kuma saman tebur da aka manne shi tsam da gindinsa ko'ina: in hunturu ya ja shi bai sami sakewa ba, a tsakiya zai dare, kome kyaun gam. Ratar da ta buɗe da hunturu ta rufe da damina ba lahani ba ce. In ana so a ɓoye ta, a buga siririn katako a jikin firam kaɗai ya rufe ta daga sama.

Malamin da ke koyar da aikin katako, ko mai koyar da Hausa da ke son ɗalibansa su ga bambancin cike da haɗa da idonsu, yana iya gwada wannan da kuɗi kaɗan. A yanko guntaye takwas na farin katako masu girma ɗaya, a fere su, a yi su biyu biyu. Na farko a shafa tsurar gam a matse. Na biyu a sa tsinken ashana a gefe da gefe don a sami rata wajen milimita 2, a zuba tsurar gam. Na uku a bar ratar kamar haka a cike da damu. Na huɗu a cusa siririn falle a ratar, da gam a fuskokinsa biyu, a matse. Bayan mako guda a sa cizal a mahaɗin kowane a buga da guduma. Na farko da na huɗu itacen ne zai yage, a ga zarensa manne a fuskokin biyu. Na biyu za a tarar rabin gam ya zurare, sauran ya zama fata mai kogo. Na uku zai rabe ta tsakiyar damun, ya marmashe a yatsa. In an yi kashi biyu, a ajiye ɗaya bisa taga tun daga Fabrairu, a fasa shi a watan Satumba.